Tambayoyi da amsoshi kan mutanen The Wire da jaruman da suka fito a shirin

Waɗannan su ne tambayoyin da masu fara kallon The Wire suka fi maimaitawa, galibinsu kan wane ne wane a cikin labarin, da kuma su wa suka fito a matsayinsu. Amsoshin farko ba sa faɗin wanda ya mutu da wanda ya rayu. Inda za a fara faɗi, an yi gargaɗi tun a cikin tambayar.

Wane irin shiri ne The Wire, kuma su wa suka ƙirƙiro shi?

Shiri ne mai dogon zango da tashar HBO ta Amurka ta nuna daga Yunin 2002 zuwa Maris na 2008. Zango 5 ne, kashi 60 gaba ɗaya, kowane kashi kusan awa guda. A birnin Baltimore na jihar Maryland aka ɗauke shi, can kuma labarin yake faruwa. Birni ne mai tashar jiragen ruwa, mai mutum kusan 650,000 a lokacin, mafi yawansu baƙaƙen fata, ya kuma daɗe yana fama da cinikin hiroyin da hodar ibilis da kashe-kashen da ke biyo bayansu. Ginshiƙin labarin shi ne wani ƙaramin rukunin 'yan sandan ciki da ke sauraron wayoyin dillalai a asirce da izinin alƙali.

David Simon ne ya ƙirƙiro shi. Ɗan jarida ne da ya yi aiki a jaridar Baltimore Sun daga 1982 zuwa 1995 yana ɗauko labaran 'yan sanda, ya kuma shafe shekarar 1988 cur yana bin jami'an sashen binciken kisan kai duk inda suka sa ƙafa. Abokin aikinsa Ed Burns ya yi kusan shekara 20 yana ɗan sanda a birnin, bayan ya ajiye kaki ya koma koyarwa a makarantun gwamnati. Wannan tarihin nasu shi ya sa mutanen shirin suke magana da aiki kamar waɗanda ka taɓa sani. Akwai ƙarin bayani a tambayar da ke magana kan mutanen gaske da aka kwaikwaya.

To wane ne akta, wane ne bos?

Wannan ita ce tambayar farko ta duk wanda ya saba da finafinan da jarumi ke fafatawa da mugu har ya ga bayansa a ƙarshe. A nan ba za ka samu haka ba, kuma gara ka sani tun yanzu don kada ka kwana jira. Sunan Dominic West, wanda ya fito a matsayin ɗan sanda Jimmy McNulty, shi ke zuwa farko a jerin jarumai, amma a zango na 4 ana iya yin kashi guda sukutum ba a ga fuskarsa ba, labari kuma bai tsaya ba. A ɓangaren masu laifi ma, yau Avon Barksdale ne da gari, gobe wani yaro mai suna Marlo Stanfield ya taso, can bayan fage kuma akwai masu shigo da kayan ta ruwa waɗanda ko sunansu na gaskiya ba a sani ba.

Abin da marubutan suka sa a gaba shi ne yadda ma'aikata ke tauye mutumin da ke cikinta, ko ta gwamnati ce ko ta masu laifi. Ɗan sanda yana da ogan da ke neman alƙaluman da za su faranta wa magajin gari. Yaron da ke sayar da ƙwaya a kwanar titi yana da ubangidan da ke jiran kuɗi da yamma. Malami yana da jarrabawar da aka ce dole yara su ci. Kowannensu yana da abin da yake gani daidai ne, da kuma abin da na sama ke so, kuma tsakanin waɗannan biyun ne halin kowa ke fitowa. A ganina wannan ne ya sa shirin bai tsufa ba.

Mutane sun yi mini yawa, na kasa riƙe sunaye. Su wa zan fara riƙewa?

Kowa da haka ya fara. Shirin ba ya tsayawa ya gabatar maka da mutum, sai dai ka tsince shi a cikin hira. A zango na 1 riƙe gida biyu kawai. Gidan 'yan sanda: McNulty mai taurin kai, amininsa Bunk Moreland mai kwat da sigari, wanda Wendell Pierce ya fito a matsayinsa, Laftanar Cedric Daniels, wato Lance Reddick, shugaban rukunin, Kima Greggs, wato Sonja Sohn, sai dattijo Lester Freamon, wato Clarke Peters. Gidan dillalai: Avon Barksdale, wato Wood Harris; na hannun damansa Stringer Bell, wato Idris Elba; ɗan 'yar'uwarsa D'Angelo, wato Larry Gilliard Jr.; sai yaran da ke ƙarƙashin D'Angelo, su Bodie da Poot da Wallace. Mutum biyu ne ke yawo tsakani ba na kowa ba: Omar da Bubbles, kowannensu yana da tasa tambayar a ƙasa.

Ka sa ido kan Lester. Da farko za ka gan shi a kusurwa yana sassaƙa 'yan kujerun wasan yara, ba ya cewa uffan, ka ɗauka an jefo shi ne don cika ofis. Ashe shekara 13 da wata 4 ya yi a wani sashen da aka tura shi don horo, saboda ya ƙi yin shiru a wata shari'a da manya suka so a rufe. Shi ne mafi kaifin ƙwaƙwalwa a rukunin, shi ya koya musu cewa bin sawun kuɗi ya fi bin sawun ƙwaya kai mutum ga manya. Kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ma yana taimakawa, domin Ingilishin titin Baltimore yana ba wa Amurkawa kansu wuya. Zuwa kashi na 4 ko na 5 fuskokin za su zauna maka.

McNulty mutumin kirki ne ko kuwa?

Gwanin bincike ne, wannan babu musu. Amma mashayi ne, aurensa ya mutu saboda neman mata, kuma sau da yawa abin da ke tura shi aiki son a san ya fi ogoginsa basira ne, tausayin wanda aka kashe na biye. Shi ya tsallake manyansa ya kai wa alƙali maganar gidan Barksdale, ya jawo wa kansa ƙiyayyar Manjo Rawls, wanda John Doman ya fito a matsayinsa. Duk wanda ya tsaya kusa da shi sai da ya sha wuta dominsa. Duk da haka, in ba don wannan taurin kan ba da babu binciken da za a buɗe, kuma shirin ya bar maka waɗannan fuskoki biyun ka auna da kanka.

Dominic West Bature ne ɗan Ingila, a Sheffield aka haife shi a 1969, ya kuma yi karatu a Eton, makarantar 'ya'yan manya. Akwai wani wuri a zango na 2 da McNulty ya yi shigar burtu ya kwaikwayi karin harshen mutanen Ingila, ya kuma yi shi da gangan a gurguje, alhali nasa ne na haihuwa. Raguwar fitowarsa a zango na 4 tana da nasaba da son da ya yi ya koma kusa da iyalinsa a Landan.

Da gaske ne wanda ya fito a Stringer Bell ba Ba'amurke ba ne?

Gaskiya ne. An haifi Idris Elba a unguwar Hackney ta Landan a 1972, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Ghana. Da karin harshen Amurka ya je gwajin neman rawar, kuma masu kallo da yawa ba su san ɗan Ingila ba ne sai da suka ji shi yana hira da 'yan jarida. Aidan Gillen ma, wanda ya fito a matsayin ɗan siyasa Tommy Carcetti daga zango na 3, ɗan ƙasar Ireland ne.

Stringer kansa ya cancanci a tsaya a kansa. Shi da Avon tare suka tashi tun suna yara, amma ba abu ɗaya suke nema ba. Avon ɗan unguwa ne, a wurinsa suna da kwanar titi su ne komai, wanda ya taɓa su kuma sai jini ya zuba. Stringer yana zuwa ajin tattalin arziki a wata kwaleji, yana gudanar da taron yaransa da ƙa'idojin majalisa, yana so a rage harbe-harbe saboda gawa ce ke jawo 'yan sanda. Burinsa ya wanke kuɗin ya zama mai gine-gine. Da ya shiga cikin masu kwat da lauyoyi da 'yan majalisa irin su Sanata Clay Davis, wanda Isiah Whitlock Jr. ya fito a matsayinsa, sai ya tarar sun fi shi iya cin kuɗin mutane, ba kuma tare da sun riƙe bindiga ba. Kada kwat ɗin da natsuwar su rufe maka ido: wasu daga cikin umarni mafi muni a shirin daga bakinsa suka fito, kamar yadda za ka gani a tambayar mace-mace.

Me ya sa kowa ke maganar Omar?

Omar Little ɗan fashi ne da ba ya yi wa kowa fashi sai dillalan ƙwaya. Yana tafe da doguwar riga da babbar bindiga yana fito da baki, yara na gudu suna shelar zuwansa. Yana da dokokin da ya ɗora wa kansa: ba ya ɗaga bindiga kan wanda ba ya cikin harkar, ba ya ashar, yana kuma raka kakarsa coci. Ba ya ƙarƙashin kowa, shi ya sa yake iya faɗin abin da sauran ke tsoron faɗi. Fitowarsa a kotu a zango na 2, inda ya nuna wa lauyan dillalai cewa su biyun daga kuɗin ƙwaya suke ci, tana cikin wuraren da aka fi tunawa a shirin. Barack Obama ya taɓa cewa Omar ne ya fi burge shi a cikin mutanen shirin, ko da yake ya ƙara da cewa wannan ba goyon bayan aikinsa ba ne.

Michael K. Williams ne ya fito a matsayinsa, ɗan Brooklyn ta New York, wanda ya fara da rawa a bayan mawaƙa kafin ya shiga fim. Tabon da ya ratsa fuskarsa ba kwalliyar fim ba ce: da reza aka yanke shi a wani faɗa a daren da ya cika shekara 25. Ya sha faɗa da bakinsa cewa yana fama da shaye-shaye har a lokacin da ake ɗaukar shirin, kuma bayan an gama ya sha wuyar raba kansa da Omar. Game da wani ɓangare na rayuwar Omar da ya kamata mai kallo ya sani tun da wuri, duba tambayar kallo da iyali.

Mutanen shirin ƙirƙira ne, ko akwai na gaske?

Akasarinsu an haɗo su ne daga mutane da dama da Simon da Burns suka sani, wasu kuma na gasken ne suka zo suka fito da kansu. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a tarihin shirin. Melvin Williams babban dillalin hiroyin ne a Baltimore, kuma binciken da Ed Burns ke ciki ne ya kai shi gidan yari a 1984, ta hanyar sauraron waya. Bayan an sake shi, shi ne ya fito a shirin a matsayin dattijon cocin nan mai sanyin murya da ke taimakon matasa su bar titi daga zango na 3. Burns da ya kama shi da Simon da ya rubuta labarin kamun a jarida su suka ba shi aikin. Ya rasu a 2015.

Donnie Andrews yana cikin waɗanda aka gina Omar a kansu. Ya yi fashin dillalai, ya amsa laifin kisan da ya yi a 1986 a gaban Burns, ya yarda aka maƙala masa na'urar naɗar magana don a kama waɗanda suka sa shi. Ya fito daga kurkuku a 2005, ya zama mai ba marubutan shawara, ya kuma fito a matsayin ɗaya daga cikin abokan Omar. Ya rasu a 2012. Tsallen da Omar ya yi daga bene a zango na 5, wanda wasu ke cewa an yi ƙari, daga rayuwar Andrews aka ɗauko shi.

A ɓangaren hukuma ma haka. Ed Norris, tsohon kwamishinan 'yan sandan Baltimore, ya fito a matsayin ɗan sandan ciki mai sunansa. Sajan Jay Landsman na shirin Delaney Williams ne, amma Jay Landsman na gaske yana nan, shi ne Laftanar Dennis Mello. Kurt Schmoke, magajin garin Baltimore daga 1987 zuwa 1999, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce a 1988 da ya nemi a sake duba yaƙi da ƙwaya a matsayin matsalar lafiya, ya fito a matsayin jami'in lafiya a zango na 3, daidai zangon da Manjo Bunny Colvin, wato Robert Wisdom, ya ware wasu kangwayen unguwanni ya ce a yi cinikin a can a bar wa mutanen kirki titunansu. Carcetti kuwa, Simon ya ce Martin O'Malley, wanda ya yi magajin gari sannan ya zama gwamnan Maryland, yana cikin 'yan siyasar da aka duba wajen gina shi.

Snoop mace ce ko namiji? Jaruma ce dama?

Mace ce, kuma sunanta na gaskiya ta fito da shi: Felicia Pearson, ana kiranta Snoop. Ba ta taɓa yin fim ba kafin nan. 'Yar gabashin Baltimore ce, an haife ta a 1980, hannun masu riƙo ta tashi, ta shiga harkar titi tun tana ƙarama, aka kuma ɗaure ta kan laifin kisa tun ba ta kai shekara 18 ba. Michael K. Williams ne ya haɗu da ita a wani gidan rawa ya gayyace ta wurin ɗaukar shirin. Karin harshenta shi ne na Baltimore tsantsa, kuma buɗewar zango na 4, inda take sayen bindigar ƙusa a kanti tana hira da mai sayarwa cikin raha, ta isa ta nuna maka dalilin da ya sa ake jin tsoronta.

Akwai ɗan Najeriya a cikin jaruman?

Akwai mai tushe a can. Gbenga Akinnagbe, wanda ya fito a matsayin Chris Partlow, babban makashin Marlo kuma abokin tafiyar Snoop, iyayensa Yarbawa ne 'yan Najeriya. A Washington aka haife shi a 1978, a Maryland ya girma, ya kuma yi kokawa a jami'a kafin ya shiga wasan kwaikwayo. Chris ba ya ɗaga murya, wani lokaci har lallashin wanda zai kashe yake yi, kuma shi da Snoop ne ke ɓoye gawarwaki a gidajen da aka ƙaurace wa su rufe ƙofa da katako. Sai Idris Elba mai jinin Saliyo da Ghana, wanda aka yi bayaninsa a sama.

Na shiga zango na 2 na tarar da wasu mutane daban. Ina su Avon?

Suna nan, amma an matsar da su gefe na ɗan lokaci. Kowane zango yana buɗe sabuwar ƙofa a birnin: na 1 titi da 'yan sanda, na 2 tashar jiragen ruwa, na 3 siyasa, na 4 makaranta, na 5 gidan jarida. A na 2 mutumin da za ka bi shi ne Frank Sobotka, wanda Chris Bauer ya fito a matsayinsa, jagoran ƙungiyar ma'aikatan lodi da sauke kaya. Aiki yana ƙarewa a tashar, injuna na maye gurbin mutane, magidanta na kwana da kwanaki ba a kira su ba. Frank ya shiga barin kwantenonin 'yan sumoga suna wucewa, yana kwasar kuɗin yana kai wa 'yan siyasa don a yashe mashigin ruwa jirage su dawo. Ba gida ya gina da su ba. Sai ga kwantena ɗauke da gawar mata 13 da aka yi safararsu.

Da yawa suna cewa wannan zangon ne ya fi gundurarsu a kallon farko. Ni ina ganin kuskure ne a tsallake shi. A nan ne ake ganin ta inda ƙwayar ke shigowa, a nan ne kuma ake ganin cewa talaucin da ya tura yaran yammacin birnin kwanar titi shi ne yake tura 'ya'yan Turawan tasha, su Nick da Ziggy Sobotka, zuwa wannan hanyar.

Su wane ne yaran nan huɗu na zango na 4?

Namond Brice, Michael Lee, Randy Wagstaff da Duquan Weems da ake kira Dukie. Julito McCullum, Tristan Wilds, Maestro Harrell da Jermaine Crawford ne suka fito a matsayinsu. Namond ɗan wani makashin gidan Barksdale ne da ke ɗaure, uwarsa na tura shi titi alhali zuciyarsa ba ta iya ɗauka. Michael shiru-shiru ne, shi ke rainon ƙaninsa saboda uwarsu ta yi nisa a shaye-shaye. Randy ɗan kasuwa ne tun yana ƙarami, alewa yake sayarwa a makaranta. Dukie kuwa ko kayan da aka ba shi sadaka 'yan gidansu sayarwa suke yi.

Malaminsu na lissafi shi ne Prez, wato Jim True-Frost, ɗan sandan da ka sani da wauta da saurin hannu a zango na 1. Hanyarsa daga kaki zuwa allo ita ce hanyar da Ed Burns ya bi. Robert F. Chew, wanda ya fito a matsayin dillali mai wayo Proposition Joe, malamin wasan kwaikwayo ne a Baltimore, kuma shi ya horar da yaran a bayan fage. Masu sharhi da yawa suna ɗaukar wannan zangon a matsayin mafi ƙarfi, ni ma haka na gani, domin a nan ne kake kallon yadda ake yin Avon da Omar da Bubbles tun kafin su zama su.

Bubbles fa? Me ya sa ake ba ɗan ƙwaya wannan muhimmanci?

Domin shi ne zuciyar shirin. Bubbles yana allurar hiroyin, yana kwana a kango, yana tura amalanken kaya yana sayar da riguna da tarkace, yana kuma tsegunta wa Kima labarin titi a ba shi na kashewa. Dabararsa a zango na 1 ita ce ya zo da huluna kamar mai talla, duk wanda ya ɗora wa ja a ka, 'yan sandan da ke ɓoye a saman bene su ɗauki hotonsa. Yana da wayo da tausayi, kullum yana ɗauke da wani yaro da yake koya wa yadda ake rayuwa a titi, kuma shirin bai taɓa mayar da shi abin dariya ba. An gina shi ne kan wani mai ba 'yan sanda labari na gaske da Burns ya yi aiki da shi.

Andre Royo ya ba da labarin cewa wata rana a wurin ɗauka wani mutum ya matso ya miƙa masa ƙullin ƙwaya, don ya ga kamar ya fi shi buƙata. Royo ya ce wannan ita ce kyautar da titi ya ba shi kan iya wasansa.

Za a iya kallonsa da iyali?

A'a. Shiri ne na manya. Akwai ashar a kusan kowace hira, akwai kisa da gawarwaki, akwai allurar ƙwaya a fili, akwai tsiraici da wuraren kwanciya. Omar maza yake nema, Kima kuma da mace take zaune, kuma an nuna hakan ba a ɓoye ba. Wanda zai kalla ya san da wannan kafin ya kunna, ya kuma nisanta yara da shi.

Na gama kallo, ko ban damu a faɗa mini ba: su wa suka mutu, kuma me ya sa ake kashe waɗanda aka fi so?

Wanda bai gama ba ya tsallake wannan amsar. Wallace ne na farko da ya karya zukatan masu kallo: yaro mai shirya wa ƙananan yara abincin makaranta, abokansa Bodie da Poot suka harbe shi bisa umarnin Stringer. D'Angelo an shaƙe shi a kurkuku aka ce rataye kansa ya yi, shi ma umarnin Stringer ne, ba da sanin Avon ba. Frank Sobotka masu sumogar ne suka kashe shi da suka ji zai yi magana. Stringer ya faɗi a hannun Omar da wani makashin haya mai suna Brother Mouzone a cikin ginin da yake ginawa, bayan shi da Avon kowa ya sayar da ɗan'uwansa. An kashe Bodie a kwanarsa don an gan shi da McNulty. Proposition Joe ɗan 'yar'uwarsa Cheese ne ya bashe shi. Michael ya kashe Snoop kafin ta kashe shi. Omar kuwa, wanda manyan 'yan bindiga suka kasa, wani ƙaramin yaro mai suna Kenard ne ya harbe shi ta baya a kanti, jarida ma ba ta ga labarin ya isa bugawa ba.

Marubutan ba su yarda farin jinin jarumi ya ceci wanda hanyarsa ta kai shi ga mutuwa ba, domin a Baltimore da suka sani ba ta ceton kowa. Kuma duk gurbin da ya faɗi akwai mai shiga. Michael ya ɗauki bindiga ya zama mai yi wa dillalai fashi. Dukie ya koma allura. Randy ya ƙare a gidan marayu ya bushe. Namond kaɗai ya tsira, saboda Colvin ya ɗauke shi ya riƙe. Daniels ya ajiye kujerar kwamishina da aka nemi ya murɗe alƙaluman laifuka, McNulty ya rasa aikinsa bayan ƙaryar makashin da ya ƙirƙiro don a saki kuɗin bincike, Carcetti ya zama gwamna, Marlo ya fita ba tare da ɗauri ba. Bubbles ya daina shan ƙwaya, 'yar'uwarsa ta buɗe masa ƙofa ya hau sama ya ci abinci da su.

Jaruman sun samu kyaututtuka? Ina suke yanzu?

Lokacin da ake nuna shi masu kallo ba su da yawa, kuma sau da dama sai da Simon ya roƙi HBO kafin a ci gaba. Bai ci kyautar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ko ɗaya ba. Sau 2 aka sa shi a takara, duka a fannin rubutu, babu jarumi ko guda da aka ambata. Ya dai samu kyautar Peabody. Sunansa ya bazu ne daga baya ta faifan DVD da bakin waɗanda suka kalla, har wasu jami'o'in Amurka, ciki har da Harvard, suka riƙa amfani da shi a darasin talaucin birane.

Idris Elba ya zama babban tauraro, ya fito a matsayin Nelson Mandela a 2013. Michael B. Jordan, wanda yake ɗan shekara 15 lokacin da ya fito a Wallace, yau yana cikin manyan jaruman Hollywood. Tom McCarthy, ɗan jaridar nan maƙaryaci na zango na 5, shi ya ba da umarnin fim ɗin da ya ci babbar kyautar Oscar a 2016. Sonja Sohn ta ci gaba da aiki a Baltimore, ta kafa ƙungiyar taimakon matasan da suka taɓa faɗawa hannun hukuma. Wendell Pierce ya sa ƙarfinsa wajen sake gina unguwarsu a New Orleans bayan guguwar Katrina ta 2005. Jamie Hector, wato Marlo, ya dawo Baltimore a wani shirin Simon na 2022, wannan karon a matsayin ɗan sanda.

Wasu sun riga mu gidan gaskiya. Robert F. Chew ya rasu a Janairun 2013 yana da shekara 52. An tsinci gawar Michael K. Williams a gidansa da ke Brooklyn ranar 6 ga Satumban 2021 yana da shekara 54, binciken likitoci kuma ya nuna ƙwayar da aka gauraya da fentanil ce ta yi ajalinsa. Lance Reddick, wanda shi haifaffen Baltimore ne kuma kiɗa ya fara karanta kafin wasan kwaikwayo, ya rasu ranar 17 ga Maris na 2023 yana da shekara 60.